"Wai" a Bakin Bajamushe

A watan Yunin 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya iso Yola daga Kukawa. Lamiɗo Lawal bai saki jiki da shi ba, ganin tare da mutanen Shehun Barno ya zo, kwanaki kaɗan aka sallame shi. Saboda haka yawancin abin da ya rubuta kan kudancin Fombina, ƙasar Lamiɗon, daga bakin fatake ya ji shi, bai gani da ido ba. Harshensa kuwa yana da hanyar raba ji da gani a cikin kalmar aikatau kanta.

Jamusawa suna kiran wannan siga Konjunktiv, kuma iri biyu ce. Ta farko ita ce ta fi jan hankalina. Idan ɗan jarida ya rubuta "er ist krank", ya ɗauki nauyin cewa mutumin ba shi da lafiya. Idan ya rubuta "er sei krank", ya nuna faɗa aka yi masa. Kalma ɗaya ta sauya, nauyin magana ya koma wuyan mai ita. Zai iya cika shafi da zancen minista bai maimaita "in ji shi" ba, mai karatu kuma ba zai ruɗe ba.

Mu "wai" muke da ita, amma ba su zo ɗaya ba. A kasuwar Jimeta, in ɗan kasuwa ya ce wai buhun masara ya sauko, har da shakka a ciki, wani lokaci ma da ƙaryatawa. "Sei" ba ta gaskata ba ta ƙaryata, isar da saƙo kawai take yi. Shi ya sa mai fassara labari daga Jamusanci, kamar a sashen Hausa na DW da aka buɗe a 1963, yake jin tsoron "wai", ya gwammace "a cewarsa".

Da wannan siga ta farko kuma Jamusawa suke addu'a da fata. "Gott sei Dank" godiya ce ga Allah, "lang lebe der König" kuwa kusan "Allah ya ja zamanin sarki" ne.

Ta biyun ba za ta wahalar da ɗalibin Yola ba, domin "da" ɗinmu ce. "Wenn ich Geld hätte, käme ich": da ina da kuɗi, da na zo. Wahalar tana ga ɗigo biyun nan na saman wasali. "Hatte" yana nufin na taɓa samu, "hätte" kuwa ban samu ba, buri nake yi.