Jamus ɗin da Ake Zuwa a Kwalekwale

Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wata magana da takan maimaita a tsakar gidanmu na unguwar Ridina a Njamena idan hira ta yi daɗi. Wai mahaifinta yakan tafi Jamus da sassafe da huhun goro, ya sayar, ya saro bandar kifi, a yi sallar la'asar da shi a gida. Muna yara mukan ce, "Kaka, Jamus fa sai a jirgin sama." Sai ta ce, "A kwalekwale ya je, ɗan nan." Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sauya ko harafi ɗaya ba.

Wasu a gidan suka ce tsufa ne. Ban yarda ba, domin matar da ke lissafa kakanninta har bakwai ba ta tuntuɓe, ba a nan za ta ruɗe ba.

Kawuna ya kawo fassarar da ta kwantar mini da hankali shekaru da yawa. A Larabcin da muke yi a kasuwa, jamus ɓauna ce. Ya ce ƙila wata fadama ce a bakin kogi da ɓauna ke kiwo, sunan ya bi wurin. Maganar ta shiga kunne. Amma akwai abin da ta bari a waje: Kaka takan ce a Jamus ɗin akwai tuta, akwai Bature mai ƙaramin gida da sojoji, kuma kuɗinsu daban da na nan. Fadamar ɓauna ba ta da tuta.

Bakin zaren ya fito ne daga wata tambaya dabam, wadda ta dame ni tun ina makaranta. An koya mana cewa ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku suka haɗu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya ta Damagaram, ɗaya daga Kongo, suka yaƙi Rabe a Kusiri. Rabe ya mutu, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. To, Kusiri tsohon birni ne na Kotoko, da ganuwarsa da sarkinsa da kasuwarsa, a daidai inda kogin Logon ke zuba cikin kogin Shari. Wanda ya ci irin wannan gari da yaƙi, me zai sa ya bar shi? Amma ga shi ranar 29 ga Mayu, mako biyar kacal bayan yaƙin, Bafaranshe Emile Gentil ya kafa Fort-Lamy a gabar da ke ƙetare, wurin da ya zama Njamena a 1973.

Na fara zargin ambaliya, sai na tuna Kusiri ta yi ɗaruruwan shekaru a wurinta ruwa bai kore ta ba.

Amsar tana cikin wata takarda da aka sa wa hannu a Turai a watan Maris 1894, shekara shida kafin yaƙin Kusiri. Faransa da Jamus sun raba ƙasar a kan taswira, suka mai da Shari iyaka: gabas ta Faransa, yamma ta Kamaru, wadda Jamusawa suka mallaka tun 1884. Ashe Faransawa a gonar wani suka yi yaƙinsu. Sun ci nasara, amma dole su tsallako. A 1902 Jamusawa suka iso Dikwa, tsohuwar hedikwatar Rabe, suka karɓi rabonsu, daga baya suka zaunar da razdan da sojoji a Kusiri. Ga tutar Kaka, ga Baturenta, ga kuɗin da ya bambanta. Ranar da na haɗa wannan, na daɗe zaune ina jin nauyin dariyar da muka yi mata.

Jamus ɗin nan bai daɗe ba. Yaƙin Duniya na Farko na ɓarkewa a 1914, Faransawa suka kai wa Kusiri hari daga Fort-Lamy, suka ƙwace ta a watan Satumba. Sauran Jamusawan suka yi tunga a kan dutsen Mora har Fabrairun 1916. Garin ya koma Fort-Foureau a bakin Faransawa, kafin ya dawo da sunansa na asali.

Saura abu ɗaya. Kaka takan ce da farko Jamus ya fi kusa, daga baya ya ja da baya. Wannan ma yana da tushe. Tsirin ƙasar da ke tsakanin Shari da Logon, wanda Turawa suka laƙaba wa bakin agwagwa saboda siffarsa a taswira, na Jamus ne har yarjejeniyar 4 ga Nuwamba 1911, lokacin da suka sakar wa Faransa shi cikin cinikin da aka yi a kan Maroko da Kongo. Bongor na ciki. Haka ma ƙarshen tsirin, inda unguwannin Waliya da Ngeli suke a yau.

Jiya na hau ɗan acaɓa daga Ridina, muka haye gadar Shagwa zuwa Waliya gaisuwar wata gwaggona. Muna sauka daga gadar na ce wa yaron, "Malam, ɗan tsaya mini nan." Na yi wa Kaka addu'a, sannan muka wuce.