Jarirai a Gidajen Reno na Nima da Mamobi: Ba Kowace Gudawa ce ta Haƙori Ba

Duk wanda ya shiga Nima ranar Laraba, wato ranar da kasuwarta ke ci, zai ga mata tun da asuba da goyo a baya da kaya a ka. Kafin su isa rumfa, da yawansu kan biya ta gidan renon yara su sauke jariri, sai kuma bayan La'asar. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na makonni 12, amma mai sayar da koko da ƙosai ko atamfa ba ta da wannan gata, da an yi arba'in ta koma nema.

Kukan da iyaye mata ke yi a Nima da Mamobi iri ɗaya ne: yaro yana gida lafiya lau, da an fara kai shi reno sai majina da tari da gudawa. Ba maita ba ce, ba kuma kambun baka ba. Yara ne da yawa a ɗaki guda, wannan ya tsotsi abin wasa ya yar, wancan ya ɗauka ya kai baki, ga hannun da ya canza famfas shi ne zai dama kunu. Mura kam ba makawa sai yaro ya yi ta a kai a kai, a hankali jikinsa ke koyon kare kansa. Abin tsoron shi ne gudawa, domin tana iya tsotse ruwan jikin jariri cikin yini guda.

Mutanen Accra ba su manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 200, kuma babban birnin ya fi ko'ina jin jiki. A unguwannin da gidaje ke cunkushe, ake sayen ruwa a jarka, ake bin layin ban-ɗakin haya, ga babbar kwatar da ke ambaliya da damina, cuta ba ta wahalar samun hanya.

Garkuwa ta farko ita ce katin awo. A watan Afrilun 2012 Ghana ta fara ba jarirai rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke kan gaba wajen jawo mummunar gudawa ga ƙananan yara, tare da na ciwon haƙarƙari. Nijar ta bi sahu a 2014, Nijeriya kuma ta shigo da na rota a 2022. Ana fara ɗiga shi a baki tun jariri na da makonni 6, na ƙyanda kuwa sai wata 9. A Babban Asibitin Mamobi da sauran wuraren awo ana bayarwa. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga ta Aflao ko Paga, ko tsakanin Jibiya da Maraɗi, su riƙe wannan kati kamar yadda suke riƙe takardar kaya, su nuna shi a duk asibitin garin da ranar allura ta riske su.

Ta biyu ita ce nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Uwa na iya tatsa a kofi mai murfi ta bar wa mai reno ta ba shi da cokali, domin fida na da wuyar wankewa.

Ta uku kuwa sai uwa ta shiga ɗakin da idonta. Dokar yara ta 1998 ta ce sai da izinin ƙaramar hukuma ake buɗe gidan reno, saboda haka ba rashin kunya ba ne a nemi ganin takarda. A duba ko akwai ruwa da sabulu. Ko babu famfo, akwai bokiti mai kan famfo da wata masaniya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, wanda ake kira da sunanta. A duba ko wurin wanke kashi na nesa da wurin abinci, da kuma yara nawa ke hannun mace guda.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi ko gudawa, ga Laraba ta zo. Sai uwa ta ce ai haƙori ne, ta sayi magani a kemis, ta miƙa shi reno, kafin Juma'a rabin ɗakin ya kamu. Asarar cinikin yini guda ta fi sauƙi a kan kwanan asibiti. A fara ba shi ruwan ORS, a ci gaba da nono, a ba shi ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, ya ƙi kama nono, numfashi ya yi sauri, ko aka ga jini a kashi, to ba a jiran gari ya waye.

Maigida ma da nasa. Ranar da yaro ba lafiya, ya tsare rumfar ko ya cike giɓin kuɗin cefane, don kada uwa ta rasa zaɓi. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.