Daga Zariya zuwa gidan tarihin tanis na Wimbledon

Duk shekara, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, talabijin kan cika da 'yan wasa masu fararen kaya suna buga tanis a kan koriyar ciyawar Wimbledon, a kudu maso yammacin Landan. Mai sha'awar wasan sai ya ɗauka lokacin ne ya fi dacewa da ziyara. To in gidan tarihin wurin kake son gani, waɗannan makonni biyu su za ka kauce wa. Muddin ana gasa, mai tikitin kallo kaɗai ke shiga harabar, tikitin kuwa sai mai rabo. Wasu a tanti suke kwana a kan layi. Bayan an tashi daga gasar ne ƙofa ke buɗewa ga kowa, har a zagaya da kai filayen a nitse.

Ni ɗan Kusfa ne, unguwar da allo da tawada suka fi raket yawa nesa ba kusa ba. A Samaru na koyi wasan, da wani tsohon raket na katako da kawuna ya bar mini. Kowace damina sai ya ɗan lanƙwashe, sai a sa shi cikin matsewar katako a ɗaure kusoshinta huɗu har ya miƙe. Irin waɗannan raket ɗin na tarar jere a bayan gilashi a Wimbledon, kuma a gabansu na fi daɗewa. Yaran yanzu da suka tashi da raket mara nauyi ba za su gane wahalar da wuyan hannu ya sha ba.

An buɗe gidan tarihin a 1977, shekarar da gasar ta cika ɗari. Ta farko, a 1877, maza 22 ne suka shiga, Spencer Gore ya cinye, a wani fili da ke titin Worple. Sai a 1922 aka dawo titin Church inda ake yanzu. Mata sun fara tasu a 1884, Maud Watson ta zo ta ɗaya. In ka ga dogayen rigunan da matan zamanin ke wasa da su, masu jan ƙasa, ka yi mamakin yadda suke gudu. Ƙwallon ma fara ce a da. Sai a 1986 Wimbledon ta koma ruwan ɗorawa, don mai kallo a talabijin ya riƙa ganinta sosai. Akwai kuma kofin maza na azurfa mai ruwan zinariya, mai 'yar abarba a bisa murfinsa, da babban farantin azurfa na mata. Zakara yakan ɗaga su a gaban jama'a, amma kwafi ake ba shi ya tafi da shi gida.

Shawarata, ka sayi tikitin da ya haɗa da zagayen filaye, kuma ka saya ta intanet tun kana gida. Zagayen kan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Za a kai ka babban fili mai rufin da aka sa a 2009 saboda ruwan sama, da fili na 18 inda John Isner da Nicolas Mahut suka shafe awa 11 da minti 5 suna wasa ɗaya a 2010. Ciyawar, wadda ake aske ta zuwa milimita 8 lokacin gasa, ido ne naka. Ba a taka ta.

Ɗan Najeriya kuma ya tafi da nasa sunayen a ka, don bangon ba zai tuna masa da su duka ba. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a wannan gasa a 1983. Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya doke Jimmy Connors ya ɗauki kofin 1975, yana Legas a Fabrairun 1976 lokacin da aka kashe Janar Murtala Muhammad. Kwanaki kaɗan bayan nan, yana tsakiyar wasa sojoji suka shigo da bindiga suka fitar da shi daga fili. Sadiq Abdullahi ya wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, Kano kuma ta daɗe tana karɓar baƙuncin gasar Dala. Ina ma a ce akwai ko da ɗaki ɗaya a Kano ko Kaduna da aka tara hotuna da kofunan waɗannan mutane, kafin gara ta riga mu.

Saura hanya. Biza ce farko: ana cike takarda ta intanet, a je Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsu, kuma ana iya nema tun saura wata uku a tashi. Kada ka biya kuɗin jirgi kafin ta fito. Daga Zariya ka sauka Kaduna, ka hau jirgin ƙasa a Rigasa ko ka bi mota zuwa Abuja, daga Abuja kuma tafiyar sama da awa shida ce zuwa Heathrow. A can, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly zuwa Earl's Court, ka sauya zuwa layin District mai zuwa Wimbledon. Sai dai kada sunan tasha ya ruɗe ka: Southfields ta fi tashar Wimbledon kusa da filin, tafiyar kamar minti goma sha biyar a ƙafa, ko ka hau bas mai lamba 493. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati.

Ka kuma duba jadawalin salla kafin ka zaɓi awar zagaye. A bazararsu magariba kan wuce ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga sanyin da ya fi hunturun Zariya cizo. Mai zuwa a wannan lokaci gara ya ɗauki zagayen safe, ya fito da wuri ya samu azahar a masallacin Wimbledon da ke titin Durnsford.