Daga Kelle: ɗan wurin da wayarka ke ajiyar lissafinta

A Kelle, can cikin duwatsun Kutus a gundumar Gure ta jihar Damagaram, mai wayar Android yana buga kira ya ji farashin gero ko na dabba, bai san cewa wani ɗan wuri mai kilobait 16 kacal ne ke riƙe da shi ba.

Ga yadda abin yake, mai karatu. Kowace wayar Android tana tafiya ne a kan Linux, wato zuciyar babbar manhajar da ke raba aiki tsakanin allo da batiri da ma'adana. Duk aikin da ya shiga wannan zuciya ana yanka masa wurin ajiya nasa. In wani umarni ya kira wani, sai ya ɗora bayaninsa a sama, kamar mace ta jera kwanuka. Na ƙarshen ɗorawa shi ake fara saukewa. To idan jerin ya wuce iyaka fa? Sai ya zube cikin gonar maƙwabci, ya ɓata bayanan wani aikin. A da ba a ma gane ɓarnar nan take, sai can na'ura ta sandare, kuma ɓarayin intanet sun sha bin wannan ƙofa.

Auna shi dabara ce mai sauƙi. Ana cika wurin da sifili tun farko, in aikin ya ƙare a duba inda rubutu ya tsaya, kamar yadda ake gane iyakar ambaliya daga shatin ruwa a jikin katanga. Sai dai shatin bara ba ya faɗin ruwan baɗi. Awon yana nuna zurfin da aka taɓa kaiwa ne kawai.

Masu Linux sun ɗanɗana wannan. Shekaru da dama kilobait 8 suke bayarwa a manyan kwamfutoci, har 2014 da Minchan Kim ya nuna yadda wurin ke cika idan ma'adana ta yi ƙaranci. Linus Torvalds ya yarda aka ninka zuwa 16. A 2016 kuma Andy Lutomirski ya kawo shingen tsaro: fili ne da ba a taɓawa, wanda duk ya taka shi za a kama shi nan take.

Matsalar ba ta Linux kaɗai ba ce. A wata shari'ar haɗarin mota a Oklahoma ta Amurka a 2013, masani Michael Barr ya shaida wa kotu cewa Toyota ta ƙiyasta kwamfutar injin Camry ta 2005 na cin kashi 41 cikin 100 na irin wannan wuri, alhali nasa lissafin ya kai kashi 94. Kamfanin ya musanta cewa manhajar ce sanadin haɗarin, amma masu taimaka wa alƙali suka yanke masa diyyar dala miliyan 3.