"Wallahi Na Gani Da Idona": Yadda Tsoro Ke Wasa Da Ƙwaƙwalwar Mai Riƙe Da Bindiga

Yau daga Daura za mu fara.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san labarin rijiyar Kusugu. Da gari ya waye aka tarar an kashe macijiya, sai mutane suka yi ta fitowa, kowa na cewa shi ya kashe. Sarauniya Daurama ba ta tsaya sauraron rantsuwa ba, ta ce a kawo kan macijiyar. To waɗancan da gangan suka yi ƙarya. Wanda za mu tattauna a kansa yau shi ne mutumin da ya rantse tsakaninsa da Allah, amma abin da ya faɗa bai faru ba.

Da yawanmu mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kyamarar waya ce, ta ɗauka ta ajiye. Ba haka take ba. Ta fi kama da katangar ƙasa: damina ta zaizaye, ka sake yaɓe. Duk sanda ka tuna abu, sake gina shi kake yi, inda ya ɓurma kuma ka cike da abin da kake zato ko abin da ka ji a bakin mutane.

A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin da kalma mai sauƙi, kamar "suka bugi juna", wasu da kalma mai zafi, kamar "suka ragargaje". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Waɗanda suka ji kalma mai zafi sun fi cewa sun gani, alhali babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Kun ga, kalma ɗaya ta dasa musu abin da idonsu bai gani ba.

To yanzu a ƙara tsoro a kai. Idan zuciya na dukan uku-uku, hankali yakan tattaru wuri ɗaya. Masana sun lura wanda aka nuna wa makami yakan tuna makamin, fuskar mai riƙe da shi kuwa ta kuɓuce masa. Jami'an da suka taɓa harbi a bakin aiki da yawa sun ce ba su ji ƙarar bindigarsu sosai ba, wasu ma ba su san harsashi nawa suka harba ba.

Matsalar ba ta tsaya a bayan harbi ba, tun kafin a ja kunama take farawa. A watan Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu a New York suka tare Amadou Diallo, matashi ɗan ƙasar Gini, a ƙofar gidansu. Ya sa hannu aljihu ya ciro walat. Suka ce bindiga suka zata, suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. A 2002 Joshua Correll da abokan aikinsa suka gwada mutane da wasan kwamfuta: hoto ya fito, ka danna "harba" ko "kada ka harba" cikin ƙiftawar ido. Sai aka ga an fi yin kuskuren harbin baƙar fata mara makami. Wato abin da ka saba ji game da wasu mutane shi ke riga idonka yanke hukunci.

Kada mu ce can ne kawai. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16. Mu ma mu tambayi kanmu: wa muke yi wa irin wannan kallon a nan gida?

Tun Oktoban 2023 gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, ga kuma 'yan sintirin unguwa. Yawancinsu matasa ne, sa'o'inmu. Ɗan uwa, in kana cikinsu, ka sani gajiya, duhu da jita-jitar WhatsApp duk suna rage maka gani. In da hali, ka nemi mafaka, ka haska, ka yi magana kafin yatsa ya motsa. Harsashi ba ya dawowa.

In kuma shaida ne kai, rubuta ko ka naɗi muryarka da wuri, kafin ka zauna majalisa a yi ta maimaita labarin. Ka ware abin da ka gani da abin da ka ji. Mai tambaya kuma ya raba shaidu, ya ce "me ya faru?" maimakon "ka ga bindigar, ko?"

Faɗin "ban tabbata ba" ba abin kunya ba ne. Wata rana shi zai ceci ran wani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya.