Ko Kun Sani? Fiffiken da Ake Tashi da Shi Ba Inji

Akwai fiffiken da mutum ke rataya a ƙarƙashinsa ya yi shawagi ba tare da inji ba. Bajamushe Otto Lilienthal ya fara tashi da irinsa a 1891, da sandunan itace da ƙyallen auduga. A 1951 Francis Rogallo na Amurka da matarsa Gertrude suka sami rajistar fiffike mai lanƙwasuwa, wanda daga baya aka ɗaura a kan bututun sanholo.

Yau ana ƙera ƙashin wasu fikafikan da zaren kabon da aka jiƙa da danƙo. Dabarar ɗaya ce da ta maginan Wudil da ke cuɗa ƙasa da ciyawa: zaren yana ɗaukar ja, danƙon yana riƙe shi. Injiniyoyi na shimfiɗa zaren ta inda nauyi zai bi, su kuma gicciya wani don hana murɗewa.

Fikafikan farko na sanholo kan ci kimanin mita 4 gaba a duk mita ɗaya ta sauka. Na kabon masu ƙarfi kan kusanci 20. Sai dai kabon na ɓoye tsagewa, shi ya sa ake binciken fiffiken sosai bayan duk wata mummunar sauka.