Naman Ƙasa Da Jemage: Ma'aikata Biyu Ba Lada

'Yan'uwa manoma na Mafara, Bakura da Maradun, ga wasu halittu biyu da muka rena.

Naman ƙasa, wanda yara ke ce wa laimar kwaɗi, yakan fito bayan ruwan sama a gindin itatuwa ko a kan suri. Laimar nan 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikinsa zare ne fari, siriri, cikin ƙasa. Shi ke ruɓar da ganye da busasshen itace su koma taki. Amma a yi hankali, waɗansu dafi gare su mai kisa, dafuwa kuwa ba ta kashe shi.

Jemage shi aikinsa a sama yake, da dare. Furen ɗorawa da na kuka da na rimi da yamma suke buɗewa. Jemage ya zo shan zaƙinsu, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai wa wata bishiya, sai ta yi 'ya'ya. In ya yi ƙaranci, kalwar daddawa da 'ya'yan kuka za su ragu. Yana kuma watsa irin ɓaure. A Gana an gano yakan kai iri har kilomita 75.

Na sani yana ɓata mangwaro, ni ma ya ɓata mini. Amma tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 aka share daji don noman rani, itatuwa sun ragu. Kada mu ƙone ganyen gona, kada yara su harbi jemage da danƙo. Matacce kuwa, kada a taɓa shi da hannu, yana iya ɗauke da cuta.